Malasada, Soyayyen Kwaɓin Mutanen Fotugal: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Min da Amsoshinsu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda na fara kai malasada wajen taron suna da walima tambayoyi suketa zuwa min, wata ta tare ni a wajen wata ta kira ni a waya, kuma yawanci tambayoyin iri ɗaya ne, shiyasa nace bari in zauna in haɗa su waje ɗaya in amsa iya abinda hannuna ya sani. Ni dai a garin Fall River na jihar Massachusetts a Amurka na koya, wajen wata tsohuwa maƙociyarmu 'yar asalin tsibirin Sao Miguel, jikokinta suna ce mata vavó wato kaka, nima haka na bi bakinsu nake ce mata har yau.

Wai menene malasadar nan, ba fanke bane aka canza mai suna?

Wannan itace tambayar da tafi kowacce yawa. Eh suna kama, dangin juna ne, dukansu kwaɓin fulawa ne da yis a bari ya tashi a soya a mai. Amma fankenmu fulawa ne da ruwa da suga da yis, sai wanda yaga dama ya ɗan sa wani abu, ita kuwa malasada ƙwai ne ƙashin bayanta, ƙwai da yawa ga bota ga madara, shiyasa in kika ɓara ta zakiga cikinta rawaya-rawaya ne yana da ramuka manya, kuma laushinta daban ne bata da danƙon nan na fanke da sai kin ja da haƙori. Sannan sugan da ke cikin kwaɓin kaɗan ne, yawancin zaƙin daga waje yake, wanda ake birkita ta a ciki bayan an tsamo daga mai. Kuma ba a yi mata rami a tsakiya kamar donat ɗin kanti.

Daga ina take, kuma me sunan yake nufi?

Ta tsibiran Fotugal ce da ke cikin tekun Atlantika, wato Madeira da kuma Azores, ita Azores tsibirai 9 ne kuma Sao Miguel ne babbansu, can ne akafi saninta da wannan sunan. Da yarensu malassada suke rubutawa da s biyu, mal yana nufin abinda ba a yi daidai ba, assada kuma gasasshe, kenan kamar kace wadda bata gasu da kyau ba, saboda cikinta da yake zama lugub kamar bai gama ba alhali ya gama.

Asalin lokacin yinta shine ranar Talatar da suke kira Terça-feira Gorda, Talata mai kitse kenan, wadda take zuwa kwana ɗaya kafin Kiristocin Katolika su shiga kwanaki 40 na azuminsu kafin Ista, tana faɗowa a watan Fabrairu ko farkon Maris. A da mutane sukan bar cin maiƙo da kayan zaƙi a wannan kwanakin, toh sai a tattara abinda ya rage a gida na kitse da suga da ƙwai a kwaɓa a soye a rabawa maƙota kafin azumin ya kama. Vavó tace min suna yara tun da asuba uwarsu take tashi a ranar, kwaɓin kuwa tun dare an yi shi a babban kwano an rufe da bargo.

Daga baya ta bi mutanenta ƙaura. A shekarar 1878 jirgin ruwa mai suna Priscilla ya sauke mutanen Madeira a Honolulu domin aikin gonakin rake a tsibiran Hawai da ke tekun Fasifik, wasu daga Azores suka biyo baya, har yau a Hawai wannan Talatar sunanta ranar malasada. Nan wajenmu ma Fall River da New Bedford cike suke da jikokin mutanen tsibiran nan, duk bikin cocinsu na bazara zakaga layi wajen tsofaffin mata masu suya.

Mu Musulmi ba matsala muci? Naji ance akwai man alade a ciki

Tambaya ce mai kyau kuma ya kamata a yi ta. Gaskiya ne a tsohuwar hanyarsu ana amfani da kitsen alade da suke kira banha, ko a cikin kwaɓin ko a soya da shi, wasu gidajen kuma suna ɗiga wata barasa mai suna aguardente a kwaɓi. Dan haka in a waje zaki saya ki tambaya da me aka soya da kuma me aka sa, kar kiji kunya. A gida kuwa ba ruwanki da su, bota ta wadatar a ciki, man gyaɗa ko wani mai mara wari ya wadatar a suya, in kina son ƙamshi ki sa ɓawon lemo. Ita kanta vavó da man kanti take suya yanzu, kuma ranar da na fara shiga kicin ɗinta ita da kanta ta ɗauko robar man ta nuna min rubutun jiki tun kafin in buɗe baki, tasan abinda ke raina.

Me da me zan tanada?

Wannan awon zai baki kamar guda 18 zuwa 20 matsakaita. Fulawa giram 500, wato kamar kofi 4 na awo. Ƙwai 4 manya, kuma kar su kasance masu sanyin firij, ki fito da su tun da wuri. Madara mai ɗumi mililita 200, in ta gari ce ki dama babban cokali 3 a ruwan ɗumi ya kai wannan awon. Bota giram 60 kamar babban cokali 4 kenan, ki narkar ki bari ta huce. Suga giram 75, babban cokali 6. Yis na gari giram 7, ƙaramin cokali 2 da ɗan ɗigo. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Sai ɓawon lemon tsami babba guda ɗaya ki goga shi a abin goga kuɓewa ta ɓangaren ƙananan ramuka, saman kawai, kar ki kai ga farin nan na ƙasa dan ɗaci gare shi. Sai man suya da sugan birkitawa daban.

Ya ake kwaɓin?

Ki fara da tada yis, ki ɗebi kaɗan daga madarar mai ɗumi ki zuba yis da ɗan suga ki juya ki ajiye minti 10, in yayi kumfa ya taso toh yana da rai, in ya kwanta shiru kamar ruwan kwata ki zubar ki nemo wani tun kafin kiyi asarar ƙwanki. Ɗumin madarar kuma irin wanda zaki iya barin yatsanki a ciki ba tare da kin janye ba, in tayi zafi kashe yis ɗin zatayi.

A babban kwano ki fasa ƙwai ki zuba suga ki kaɗa sosai har launin ya ɗan yi haske, ki zuba bota da sauran madara da ɓawon lemon da yis ɗin, sai ki riƙa zuba fulawar da kika haɗa da gishiri kaɗan-kaɗan kina juyawa da muciya ko hannu. Daga nan aikin ya fara. Kwaɓin nan ba murza shi ake a tebur kamar na burodi ba, bugunshi ake a cikin kwano. Vavó takan zauna a kujera ta matse kwanon a tsakanin gwiwoyinta, ta zura hannu ƙarƙashin kwaɓin ta ɗago shi sama ta maka shi jikin kwanon, ɗas, ɗas, ɗas, tana yi tana juya kwanon da ɗayan hannun, tsohuwa mai shekaru sama da 80 amma wallahi ni da ƙuruciyata na riga ta gajiya. Da farko kwaɓin yana tsinkewa ne in kin ɗago, yana fatsa-fatsa a yatsu, bayan kamar minti 10 zuwa 15 zakiga ya fara sheƙi yana miƙewa dogo baya tsinkewa, yana ɗan sakin jikin kwanon, har ƙananan ƙwayoyin iska suna fitowa a samanshi suna fashewa, toh nan ne ya yi. Ki shafa mai a saman ki rufe da leda ki ɗora tsumma mai kauri.

Kwaɓina yana manne min a hannu sosai, in ƙara fulawa?

A'a dan Allah kar ki ƙara. In akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe a duk bayanin nan toh shine wannan, kwaɓin malasada dole yayi danƙo ya manne, yafi na burodi ruwa nesa ba kusa ba, ya ɗan fi na fanke kauri kaɗan. Mu mun saba in kwaɓi ya kama hannu sai mu barbaɗa gari, hannun ma da kanshi yake zuwa wajen fulawar, nima haka nayi karon farko da na gwada ni kaɗai a gida, naga yana bin yatsuna na ƙara kofi guda cur, ya haɗu yayi sumul gwanin sha'awa, da na soya kuwa sai ya fito da nauyi cikinshi a cushe kamar burodin da ya kwana. Na kai wa vavó ɗaya ta ɓara ta duba cikin, bata ce komai ba ta jawo hannuna ta tsiyaya min mai a tafi ta shafe min har bayan yatsu. Maganin kenan, mai a hannu. Ruwan da ke cikin kwaɓin shine yake zama tururi in ya shiga mai mai zafi ya hura ta daga ciki ya bar ramukan nan, in kin shanye shi da gari toh me zai hura ta?

Sai dai in kwaɓin yana zuba ne kamar kunu, wanda yakan faru in ƙwan manya ne sosai ko fulawar mara ƙarfi ce, nan zaki iya ƙara babban cokali 1 ko 2, ki buga ki gani kafin ki ƙara wani.

Awa nawa zan barshi ya tashi?

Ido zaki bi ba agogo ba, sai ya ninka girmanshi biyu. Lokacin zafi awa 1 zuwa 1 da rabi ya isa, da sanyi yakan kai awa 2 ko 3 saboda bota da ƙwai suna sa shi nawa. In ya tashi ki danna shi iskar ta fita ki sake rufewa ya kuma tashi kamar minti 30 zuwa 40, wannan tashi na biyun yana ƙara mata laushi sosai.

Ni nafi son in kwaɓa da dare in sa a firij ya kwana, da safe in fito da shi ya sha iska minti 30, ɗanɗanon yafi fitowa kuma kwaɓi mai sanyi yafi daɗin kamawa a hannu. Amma in kinsan wutarku bata tsayawa kar ki bar kwaɓi mai ƙwai ya kwana a waje cikin zafi, zai wuce gona da iri yayi tsami yana warin giya, ki kwaɓa da safe kawai ki soya da rana.

Nawa bai tashi ba sam

Ko yis ya mutu, ko madarar tayi zafi, ko kin zuba gishiri kai tsaye akan yis, ko kuma wajen yayi sanyi. In sanyi ne ki ɗora kwanon akan tukunyar ruwan ɗumi ki ƙara mai lokaci.

Dunƙulawa zanyi ko yaya?

Ya danganta da ta wane gari kike so. Mutanen Madeira ƙanana suke yi, su gutsuro su jefa a mai ta fito da 'yan ƙahonni, wannan kam in kin ganta a faranti zaki rantse fanke ne. Na Hawai a dunƙule suke kamar ƙwallo. Ta Sao Miguel wadda na koya kuma miƙa ta ake, ki gutsuro kamar girman ƙwai da hannunki mai mai, ki riƙe da yatsun hannu biyu kina ja a hankali kina juyawa har ta kai faɗin tafin hannu, tsakiyar ta zama siririya har kina ɗan hango haske ta ciki, gefen kuma ya zama da kauri. Ba sai ta yi zagaye daidai ba, wata ta fito da kusurwa uku wata doguwa, haka take a gidajensu. Ni ita nafi so, dan a guda ɗaya kina samun abu biyu, tsakiya mai ɗan ƙaras-ƙaras da gefe mai laushi kamar auduga, kuma tafi saurin nuna har ciki.

In zaki sa a mai ki kai ta kusa da man ki sake ta a hankali ta gefen da baya fuskantarki, kar ki jefa daga sama. Kuma kar ki jiƙa hannu da ruwa kamar yadda muke yi a fanke in kina miƙawa, ɗigo ɗaya ya faɗa man zai fantsamo miki.

Waje ya ƙone ciki ɗanye, wani lokacin kuma ta sha mai, ina matsalar?

Duka biyun wuta ce. Zafin man da ake so digiri 170 zuwa 180 ne a ma'aunin Salshiyas, in kina da abin auna zafi shikenan kin huta. In babu ki gutsuri ɗan kwaɓi ki jefa, in ya nutse ya ɗan jima kaɗan ya taso yana ƙananan kumfa a gefenshi toh man ya yi, in ya taso nan take yayi ja kafin ki ƙifta ido zafin yayi yawa, in kuma ya kwanta a ƙasa yana kallonki toh da saura. Ki tuna kwaɓin nan akwai madara da ƙwai da suga a ciki shiyasa yafi fanke saurin yin ja, wutar da kika saba soya fanke da ita ta yi mata yawa, ki rage.

Man ya zama mai zurfi yadda zata yi iyo bata taɓa ƙasan tukunya ba, kuma tukunya mai kauri tafi kasko mara nauyi riƙe zafi. Kar ki cika, 3 ko 4 a lokaci ɗaya sun isa, in kin tula da yawa man zai huce su zauna suna sha. Minti 1 da rabi zuwa 2 kowane gefe ga miƙaƙƙiya, dunƙulalliya kuma ta ɗan fi haka. Ta farko kullum ki ɓara ki duba cikin kafin ki cigaba. Masu gawayi ku riƙa janye garwashi gefe in kunga man ya fara hayaƙi.

Yaushe ake sa sugan? Nawa baya kamawa

Ki tsamo da matsami ki ɗora a kwando ko takarda kamar rabin minti man ya tsane, sai ki birkita ta a suga tun tana da zafi. In kin bari ta huce sugan zubewa zaiyi, in kuma kin sa ta kai tsaye daga mai sugan zai jiƙe ya dunƙule. Aikin mutum biyu ne gaskiya, ɗaya na suya ɗaya na suga, a gidan vavó wannan aikin jikoki ne, ana zuba musu suga a jakar takarda mai ruwan ƙasa su jefa biyu-biyu su girgiza. Wasu suna haɗa garin kirfa a sugan, ni ina sa kaɗan.

Mutanen Madeira kuma da mel de cana suke ci, wato ruwan rake da aka dafa har yayi kauri yayi baƙi, dan tsibirin nasu tun ƙarni na 15 ake noman rake a can. Ranar da na fara ɗanɗana shi mazarƙwaila ce ta faɗo min a rai, ƙamshinsu ɗaya, kuma na gwada na narkar da mazarƙwaila da ɗan ruwa a wuta kaɗan na tace saboda tsakuwa, na tsoma malasada a ciki, ta yi daɗi ƙwarai. Wanda yake da ita a kusa ya gwada.

Na ga wasu da kirim a ciki, suma malasada ne?

Wannan salon Hawai ne. Akwai gidan burodi a Honolulu mai suna Leonard's Bakery da aka buɗe a 1952, shine ya shahara da ita a can, kuma suna cusa mata kastad ko cakulan ko kirim ɗin kwakwa da suke kira haupia. Ta gargajiya babu komai a cikinta. In kina so kiyi, dunƙulalliya zakiyi ki bari ta huce ki huda gefe ki matsa kirim ɗin da leda.

A babban yankin Fotugal kuma akwai wata daban mai suna bola de Berlim, ita ana tsaga ta ne a gefe a cika da kirim ɗin ƙwaiduwa mai rawaya, masu talla suna yawo da ita a bakin teku lokacin bazara.

Toh filhós da sonhos fa?

'Yan gida ɗaya ne. Filhós suna ne mai faɗi na soyayyen kwaɓi da akafi yi lokacin Kirsimeti, kowane yanki da irin nashi, wasu har kabewa suke sawa, kuma a wasu tsibiran Azores abinda mutanen Sao Miguel suke kira malasada su filhós suke ce mai. Sonhos kuwa ma'anarshi mafarkai, kwaɓinshi a wuta ake fara tuƙa shi da ruwa da bota kamar tuwo sannan a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ƙwan ne yake kumbura shi a mai.

Bani da injin kwaɓi, zai yiwu?

Sosai ma, hannu ne asalinta. In kina da injin minti 8 zuwa 10 a matsakaicin gudu ya isa.

Zan iya rage ƙwai saboda tsada?

Zaki iya sa 3 ki ƙara madara kamar babban cokali 3, har yanzu zata amsa sunanta. In kin sauko 2 ko 1 toh kin koma fanke mai madara, ba laifi bane kuma za a ci, amma kar ki ce kin ɗanɗana malasada. Ni shawarata gara ki raba awon biyu kiyi guda 10 na gaske, fulawa giram 250 da ƙwai 2.

Kwana nawa take yi? Ina so in soya yau in kai biki gobe

Kar kiyi haka Hajiya. Malasada ta awa ɗaya ce zuwa biyu, daga nan sugan ya fara narkewa tana yin gumi, washegari kuwa ta yi tauri. Abinda zakiyi shine ki kwaɓa yau ki sa a firij, gobe ki tashi da wuri ki soya, ki jera a kwali ko tire ki rufe da tsumma mai tsafta, banda leda da kula dan tururi zai jiƙa ta. In ta ragu ki ɗumama a kasko busasshe da wuta kaɗan ki rufe minti 2 ki sake birkitawa a suga, da shayi da safe ba laifi. Wadda ba a sa wa suga ba tana iya zama a firiza kamar wata ɗaya.

Bikin da na kai na ƙarshe ma a can na soya, na tafi da kwaɓina a roba na roƙi aron murhu a bayan gida, ina tsamewa ƙanwar amarya tana birkitawa a suga, ko tire ɗaya bamu samu ya cika ba dan daga hannunta ake karɓa.